Taswirar Da A Ke Yankawa A Sake Haɗawa

Masu ɗinkin hula a Maiduguri sun san cewa kafin allura ta taɓa ƙyalle, sai hular ta fara bi ta hannun mai zane. Shi ne zai shimfiɗa farin ƙyallen, ya ɗauki rula da biro, ya ja layuka ya raba shi gida-gida, sa'an nan ya fitar da adon da mai ɗinki zai yi makonni yana bi da zare. Inda a ke gane gwani a cikinsu shi ne wurin da bakin ƙyallen biyu za su haɗu. In adon ya zagayo kai ya sadu da ɗan'uwansa cif, to hula ta yi kuɗi, ko zanna ce ko 'yar Bama. In kuwa ya kauce, ko da faɗin ƙwayar gero ne, mai saye zai gani, ya kuwa rage abin da ya taya.

Akwai wata sana'ar zane a Amurka da Turai wadda ita ma ta tsaya a kan wannan ƙa'ida ta haɗuwar baki da baki. Sana'ar ita ce zana taswirar wasa a kan ƙananan fallayen takarda ko kwali, kowane falle da ɗakunansa da lungunansa, ta yadda duk fallen da aka ɗauko aka ajiye kusa da wani, ƙofofinsu za su haɗu, hanya ta ɓulle. Yau a jera su haka a sami gini guda, gobe a hautsina a sake jerawa a sami wani dabam wanda ko mai zanen bai taɓa gani ba. Kimanin shekara 50 ke nan ana wannan aiki, har wasu sun mai da shi hanyar cin abinci. Yaron da zai koye shi a Maiduguri kuwa yana da abin zanawa a ƙofar gidansu wanda ya fi na littattafan Turawa, in dai ya hanzarta, domin abin yana ƙarewa.

Kurkuku Da Dodanni

Cikin watan Janairu na 1974 wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva ta Jihar Wisconsin a Amurka, ya fitar da wasan da a ke kira Dungeons & Dragons, watau Kurkuku da Dodanni in an mai da shi Hausa. Mutum biyu suka ƙago shi, Gary Gygax da Dave Arneson. 'Yan littattafai ne guda uku a cikin akwatin kwali, ana sayarwa dala 10, bugun farko kuma kwafi 1,000 ne kacal.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wasan ita ce mai karatu ya tuna da tatsuniya, amma tatsuniyar da masu sauraro ne a cikinta. Mutum huɗu ko biyar za su zagaye tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke riƙe da taswira a ɓoye, shi ya san inda dodo ya ke da inda aka binne dukiya. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. Jagora zai ce, "Kun shiga wani dogon lungu mai duhu, ga ƙofa a dama, ga matakala tana gangarawa a hagu, me za ku yi?" Su yi shawara su zaɓa. In abin da suka yi niyya yana iya yiwuwa yana iya ƙi, kamar tsallake rami ko ɓalle ƙofa, sai a jefa ƙwaya irin ta wasan ludo ta raba gardama. Ba a cin juna a wannan wasa, duk jaruman ɓangare guda su ke, ko su fito tare ko su halaka tare.

Kurkukun da a ke nufi a nan ya bambanta da gidan yari. Gini ne na ƙarƙashin ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, hawa ƙarƙashin hawa, galibi a gindin wata tsohuwar fada da ta rushe. Arneson ne ya fara tura abokansa cikin irin wannan wuri a farkon shekarun 1970, ƙarƙashin wata fada ta ƙage da ya sa wa suna Blackmoor. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ko Dare Dubu Da Ɗaya ba zai yi baƙunta da irin wannan tafiya ba.

Wahalar tana kan jagora. Dokokin 1974 sun nemi ya zana taswirar hawa shida aƙalla kafin a fara wasa. Ɗalibi ko ma'aikaci zai yi mako yana jan layi da dare, 'yan wasa su zo su cinye aikin a zama guda, su ce a kawo wani. Su ma 'yan wasan suna da tasu matsalar, domin ɗaya daga cikinsu ya kan riƙa zana hanyar da suka bi daga bayanin bakin jagora, in ya ji ƙafa talatin a madadin ashirin sai taswirar ta karkace, a kwana ana musu a kan bango.

Asalin Fallayen

Maganin ya fito daga masu wasan yaƙi. Cikin 1970 kamfanin Avalon Hill ya fitar da wani wasan tankokin yaƙi mai suna PanzerBlitz, wanda filinsa alluna uku ne da aka zana da dabara, ta yadda ko yaya aka jera su hanyoyi za su haɗu a baki. Kamfanin TSR ya ari wannan dabara. Tsakanin 1976 da 1977 ya fitar da kashi uku na abin da ya kira Dungeon Geomorphs: na farko kurkuku na yau da kullum, na biyu koguna, na uku hawa na can ƙasa. Takardu ne kawai, mai saye ya sa almakashi ya yanka, ya jera yadda ya ga dama, ya cika ɗakunan da abin da ya so. Aikin mako ya koma na rabin sa'a.

Daga nan abin ya yi rassa. A Ingila cikin 1978 Terence Donnelly ya fito da The Sorcerer's Cave, inda babu taswira sam kafin a fara, sai ɗan wasa ya taka ƙofa sa'an nan a zaro kati a ajiye a ga abin da ke bayanta. Kamfanin Games Workshop na Landan ya riƙa sayar da kwalaye masu hoton daɓe da ƙofofi, a yanka a shimfiɗa a tebur a ɗora 'yan mutum-mutumi na dalma a kai. Cikin 1996 wani mai sassaƙa a New York, Stefan Pokorny, ya kafa Dwarven Forge yana zuba ƙananan bangaye da ginshiƙai waɗanda a ke haɗawa kamar tubali. Waɗannan suna da tsada ƙwarai. Duk da haka fensir da takarda ba su mutu ba, su ne ma har yanzu hanyar da gwanaye su ke farawa da ita.

(Tunanin kansa ya girmi wasan nesa ba kusa ba. Tun 1704 wani limamin Kirista a Faransa, Sébastien Truchet, ya rubuta bayani a kan yadda tayil guda da aka raba launi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa zai ba da ado iri-iri in ana juya shi. Matan da ke jera kwanoni da tasoshi a ɗakin amarya ba su bukatar a fassara musu wannan.)

Ƙa'idar Ƙofa

Tsarin da ya fi bazuwa a tsakanin masu zanen hannu shi ne wanda wani mai zane ɗan Kanada, da aka sani da sunan Dyson Logos, ya shahara da shi. Mutumin ya kai har kamfanin da ke mallakar wasan a yanzu, Wizards of the Coast, ya ba shi zanen taswirorin wani littafinsa na 2018. Ga yadda tsarin ya ke.

A sami takarda mai gida-gida irin ta littafin lissafi. A keɓe murabba'i mai gurbi 10 a tsaye, gurbi 10 a kwance, gurabe 100 ke nan. Wannan shi ne falle guda. A kowane gefe a bar ƙofa biyu, ɗaya a gurbi na 3, ɗaya a gurbi na 8, watau ƙofofi takwas a zagaye. Dokar ke nan duka.

Dalilin zaɓen 3 da 8 lissafi ne mai sauƙi. In an ƙirga daga hagu, ƙofar farko tana gurbi na uku. In an ƙirga daga dama, gurbi na takwas shi ne na uku. Saboda haka ko an juya fallen ƙasa ta koma sama, ko an kwantar da shi gefe, ƙofofin suna nan inda su ke, za su kuma yi daidai da na maƙwabcinsa. Da 3 da 7 aka zaɓa, da juyawa guda ta ɓata komai. Wasu su kan yi falle mai gurabe marasa rabuwa biyu, kamar 9 ko 11, su sa ƙofa guda a tsakiya. Wannan ya fi sauƙin zana, amma taswirar da ya ke bayarwa ta kan fito a miƙe kamar gidajen dara, ɗan wasa ya gane inda ƙofa za ta kasance tun bai isa ba. Ƙofa biyu ta fi, domin tana ba hanyoyi biyu damar wuce juna cikin falle guda ba tare da sun sadu ba, kamar maƙwabtan da katanga ta raba.

Ribar wannan ɗan takura tana da ban mamaki. Falle guda yana da zama huɗu. Fallaye huɗu in aka jera su biyu-biyu, akwai hanya 24 ta jera su da hanya 256 ta juya su, jimla 6,144. In suka kai tara aka jera uku-uku, adadin ya haura miliyan dubu 95. Ko an cire waɗanda taswira ɗaya ce a ke kallo ta wani gefen, abin da ya rage ya fi miliyan dubu 23. Takarda tara ke nan, waɗanda yaro zai iya zanawa cikin hutun makaranta guda.

Sai dai dokar ba ta da sassauci. Mai zanen da ya ga cewa ɗakinsa zai fi kyau in ya matsar da ƙofa gurbi guda ya yi asarar fallen, ko da ya fi sauran kyau, domin ba zai zauna da kowa ba. Wanda ya kiyaye kuwa, fallensa zai haɗu da na mutumin da bai taɓa gani ba a wata ƙasa. Haka masu zane da yawa suka tara ɗaruruwan fallaye a kan wannan tsari guda, hannu daban-daban, ana gauraya su suna zama lafiya.

Abin Da Ke Ciki

Bayan ƙofofi, sauran filin na mai zane ne, a nan kuma a ke bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo ya kan yi babban ɗaki a tsakiya ya haɗa dukkan ƙofofi takwas da shi. Falle irin wannan kamar tashar mota ya ke, ko ta ina aka shiga an fita ko'ina, zaɓin ɗan wasa bai da wani amfani. Wani kuma ya kan toshe hanyoyi da yawa har jarumai su maƙale, wasa ya tsaya. Gwani ya kan raba ƙofofin ƙungiya biyu ko uku: waɗannan uku suna haɗuwa a wani zaure, waɗancan biyu dogon lungu ne ya haɗa su, ɗaya ta mutu a bango, amma akwai ɓoyayyar ƙofa ga wanda ya tsaya ya ƙwanƙwasa.

Abin da masana wasan su ke yabawa ƙwarai shi ne hanya mai zagayowa. Su kan ba da misali da The Caverns of Thracia, wanda Jennell Jaquays ta zana aka buga cikin 1979, inda kusan kowane wuri yana da mashiga fiye da ɗaya, matakala kuma ta kan tsallake hawa ta faɗa na ƙasa da shi. In hanya tana zagayowa, 'yan wasa suna iya gudu, su yi kwanton ɓauna, su ɓullo wa dodo ta baya. In kuwa miƙaƙƙiya ce, jagora ne kawai ke ba da labari, su suna biye kamar awaki.

Akwai alamomin da aka saba da su tun zamanin TSR. Ƙaramin akwati a kan layin bango ƙofa ce. Layuka a jere suna ƙanƙancewa matakala ce mai gangarawa. Baƙin ɗigo ginshiƙi ne, gurbi mai gicciye a ciki ramin tarko ne. Bango a kan ja shi da alƙalami mai kauri, layin gurabe kuma a bar shi siriri, sa'an nan a cika wajen bangon da gajerun layuka a gicce domin ido ya gane nan dutse ne, nan fili. Ba a rubuta suna ko lamba a fuskar falle, tun da za a juya shi rubutun ya koma a kife. A bayansa a ke rubutawa. Haka nan a kan zana 'yan fallaye na musamman na gefe da na kusurwa, masu ƙofa ta fuska ɗaya ko biyu kawai, domin rufe taswirar, kada hanyoyi su ɓulle a bakin tebur.

Kayan aikin duka ba su wuce abin da ke jakar ɗan sakandare ba: fensir, rula, baƙin biro, almakashi, da gam na manna takardar a kan kwalin sabulu ko na taliya domin ta yi ƙarfi.

Kufai Da Dandal

Wanda ya buɗe littattafan wannan wasa zai ga fadojin dutse na Turai, da kogunan duwatsu masu ƙanƙara. Yaron Gwange ko Hausari zai iya kwaikwayonsu, amma zai zama yana zana abin da bai taɓa takawa ba, hannunsa kuma zai nuna. Ƙasar Maiduguri shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da laka, ba a ganin dutsen kirki sai an nufi Gwoza ko Biu. Ruɗanin hanya a Barno a bisa ƙasa ya ke: lungu cikin lungu, katanga da zana, zaure bayan zaure. Abin da ya yi daidai da kurkukun Turawa a nan shi ne kufai, Barno kuwa tana da kufai irin na sarakuna.

Akwai Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya zama cibiyar daular fiye da shekara 300 kafin ya faɗi cikin 1808. Kufansa yana cikin Jihar Yobe a yau, da sauran ganuwarsa da gine-ginen gasasshen tubali, abin da ba a saba gani ba a ƙasashen nan. Akwai Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa cikin 1814. Bayan mayaƙan Wadai sun ɓata ta cikin 1846, Shehu Umar ya sake gina ta gari biyu, kowane da ganuwarsa: na gabas na Shehu da manyan fada, na yamma na talakawa da fatake, da fili a tsakani. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso cikin 1851 ya zana taswirar garin a littafinsa. Rabe ya rusa Kukawa cikin 1893 ya koma Dikwa ya gina tasa fadar, wadda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa. Ga kuma labaran mutanen Sau, ƙattin da Barebari ke cewa su suka riga kowa zama a bakin Tafkin Chadi, da manyan tulunan da suka bari. A kan duwatsun Mandara akwai Sukur da hanyoyinta na jeren dutse da gidan Hidi, wurin da ya zama na farko a Nijeriya da Hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, cikin 1999. Mai zanen da ya rasa abin zanawa a cikin wannan duka, laifin ba na ƙasa ba ne.

Ko gidan talaka ma darasi ne. Magini ya kan kauce da ƙofar zaure ta ciki daga ta waje, domin mai wucewa a titi kada ya hango cikin gida. Daga zaure a faɗa ƙofar gida, daga nan shigifa, ita ma a karkace, sa'an nan tsakar gida da ɗakunan mata, da madafi, da rijiya, da rumbu, da turakar mai gida. Abin da masu zanen Amurka su ke koya wa juna, cewa kada ɗan wasa ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ƙarshen falle, magina a nan sun daɗe suna yi saboda kunya da sutura.

Amma akwai inda tsarin Turawa da garin Barno su ke karo, mai zane kuma tilas ya san da shi. Fallen Dyson bai san gabas da yamma ba, amfaninsa ke nan. Garin Barebari kuwa ya sani. Tsarinsa shi ne dandal, watau faffaɗan titi da ke tasowa daga yamma ya ƙare a ƙofar mai gari, gidan kuma yana fuskantar yamma. Haka Kukawa ta ke, haka kuma aka shata Yerwa sa'ad da Shehu Garbai ya komo cikin 1907, har yau Dandal yana kai mutum ƙofar fadar Shehu. In aka zana fada a falle aka juya ta tana kallon kudu, duk dattijon da ya leƙa zai ce wannan ba garin Barno ba ne. Mafita ita ce a yi fallaye iri biyu. Na dandal da na fada a sa musu 'yar kibiya a baya, su zauna daram ba a juya su, su zama ƙashin bayan taswira. Na unguwanni da lunguna su ne za a riƙa hautsinawa a dama da hagu. Masallaci da maƙabarta kuwa, mai hankali zai bar su waje, ba wurin wasan dodanni ba ne.

Tambayar Iyaye

Uban da ya ga ɗansa da abokansa sun zagaye kwali suna jefa ƙwaya, abu biyu za su zo masa: caca da tsafi. Iyayen Amurka ma sun yi wannan tsoron. Cikin 1979 wani ɗalibi ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan, jaridu suka yi ta yaɗa cewa ya shiga ramukan ƙarƙashin jami'ar yana wasan ne hankalinsa ya juye. Daga baya aka same shi a wani wuri dabam, ta kuma bayyana wasan ba shi ne dalili ba, amma ƙurar ba ta kwanta ba har ƙarshen shekarun 1980. Cikin 2024, da wasan ya cika shekara 50, gidan wayan Amurka kan sarki ya buga masa.

Kuɗi dai ba a sa su a wannan wasa, ba mai ci ba wanda a ke ci. Maganar ƙwaya kuwa tana da nauyi, domin malamai da yawa sun hana wasa da ita ko babu kuɗi, wannan kuma hukunci ne da kowane gida zai nema wurin malaminsa. Abin lura shi ne zanen kansa bai bukatar ƙwaya. Awo ne da sikeli da tsarin gini, irin wanda ɗaliban zanen gine-gine su ke farawa da shi a Kwalejin Ramat. Yaron da ya zana falle 20 ya san abin da a ke nufi da gurbi guda ƙafa biyar fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Kasuwa ma ta fara buɗewa a ƙasar nan. A Abuja, Kenechukwu Ogbuagu ya kafa kamfanin NIBCARD mai ƙera wasannin tebur na gida, ya kuma fara taron masu irin waɗannan wasanni na Afirka cikin 2016. Cikin 2021 kamfanin ya sami lambar Diana Jones, wadda masu wannan harka a duniya su ke girmamawa. Masu saye a waje sun ƙoshi da fadojin Turai, wanda ya kawo musu dandal da zaure a tsarin da zai haɗu da fallayen da ke hannunsu ya kawo abin da babu a rumfar kowa.

Gidajen Da Ke Cikin Kai

Dalilin gaggawa shi ne gidajen da za a kwaikwaya suna tafiya. Siminti da kwano sun daɗe suna cin ginin ƙasa a Shehuri da Mafoni da Limanti. Tsakanin 2014 da 2015 Bama da Gwoza da Dikwa suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, aka ƙone gidaje masu ɗimbin yawa, mutanensu suka kwararo Maiduguri. Inda aka sake gini, galibi jerin ɗakunan bulo ne iri ɗaya. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da unguwanni da yawa, ginin ƙasa kuwa ba ya jayayya da ruwan da ya kwana a gindinsa. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aka buga aikinsa littafi uku cikin 1990 bayan rasuwarsa. Amma mutum ɗaya da 'yan taimakonsa ba za su auna gidan kowa ba. Tsarin gidaje dubbai yanzu ba ya ko'ina sai a kan tsofaffin da suka zauna cikinsu.

Ba daidai ba ne a mai da garin da aka ƙone jiya filin wasa, a sa dodo a ɗakin da aka kashe ɗan wani. Wasa ya tsaya a kufan da suka daɗe da na ƙage. Zana gidan kaka kamar yadda ya ke kafin a gudu kuwa wani abu ne dabam, kuma hannun da ya koyi falle shi ne zai iya.

Awon bai da wuya. Tsofaffin taswirorin wasan su kan ɗauki gurbi guda a matsayin ƙafa 10, amma wannan ya yi wa gida girma, zaure duka ba zai wuce gurbi ɗaya da rabi ba. Gara a bi na fallayen tebur, gurbi guda ƙafa 5. Takun babban mutum wajen ƙafa biyu da rabi ne, watau taku biyu gurbi guda. Da wannan awo falle ɗaya ya zama ƙafa 50 kowane gefe, daidai da filin da dillalai ke kira hamsin-hamsin, fallaye biyu kuma fuloti guda mai hamsin da ɗari.

Inda namiji zai tsaya shi ne shigifa, daga nan ba a shiga. Saboda haka rabin taswirar kowane gida yana hannun mata, 'yan mata kuma sun fi samari damar wannan aiki. Tsohuwar da ta fito daga Bama ba za ta riƙe fensir ba, amma in jikarta ta share mata ƙasa a tsakar gida, za ta sa yatsa ta nuna inda ɗakinta ya ke, da na kishiyarta, da inda a ke ɗaure akuya, da taku nawa ne daga murhu zuwa rijiya. Sai jikar ta kwafe a takarda nan take, ta rubuta sunan gari da unguwa da shekarar da aka bar gidan a baya, domin zanen ƙasa ba ya kai la'asar in yara suna gida.